Kafin Ka Ɗauko Tsumagiya, Me Yaron Ya Ci?

Akwai wani zalunci da muke yi wa 'ya'yanmu ƙanana, kuma muna yinsa ne da sunan tarbiyya. Yaro ɗan shekara uku ko biyar ya zube ƙasa yana birgima, ya ɓare baki yana tsala ihu, ya yi jifa da takalmi, ya gartsa wa ƙaninsa cizo. Nan take gida ya zauna shari'a. Uwa ta ce ya fiye rigima. Uba ya ce an sangarta shi. Kaka ta ce halin dangin uwarsa ya ɗauko. Maƙwabciya ta leƙo ta ce wannan ba lafiya ba, ko baki ne ya kama shi ko ya yi gamo, a nemo rubutu da hayaƙi. Kowa ya tofa albarkacin bakinsa, a ƙare da ranƙwashi da tsumagiya. Duk cikin alƙalan nan da wuya ka ji wanda ya tsaya ya tambaya: rabonsa da abinci tun yaushe, kuma me ya ci?

Mu yi lissafin ranar ɗan makaranta ɗaya, irin wadda kowa ya sani. Ya ci tuwon dare wajen ƙarfe 8, wani ma barci ya kwashe shi kafin a kwashe tuwon. Da asuba aka tashe shi da faɗa, aka watsa masa ruwa, aka zura masa kayan makaranta, mai adaidaita na ta danna oda a ƙofar gida. Babu lokacin ɗumame. Aka miƙa masa ruwan shayi ya kurɓa a tsaye, aka cusa masa kuɗin tara a aljihu. Ba za a tashi tara ba sai wajen ƙarfe 10. Awa 14 ke nan cikinsa bai ga abin kirki ba. Da aka tashi kuma me ya saya? Biskit, alawa da ƙanƙarar leda mai jar kala. Ya dawo da azahar, an ce tukunya ba ta sauka ba. Ya fara kuka, ya sha dundu. Kafin ya gama share hawaye an ce ya ɗauki jaka, lokacin Islamiyya ya yi.

Kai mai gemu da kake zane shi, tuna yadda titi ke komawa daf da shan ruwa a watan azumi. Manya masu hankali, waɗanda suka yi sahur suka ƙoshi, suka ɗauki yunwar da niyya suna neman lada, sai ka gan su suna zage-zage a kan wa zai fara wucewa. Idan awa 13 na iya yi wa dattijo haka, wane haƙuri kake nema a wurin ɗan shekara huɗu wanda bai ma san sunan abin da ke damunsa ba?

Kuma yunwar yaro ta fi taka saurin kai wa ga kai. A 2014 wasu masana ƙarƙashin Christopher Kuzawa na Jami'ar Northwestern a Amurka sun lissafa abin da ƙwaƙwalwar ɗan Adam ke ci daga haihuwa zuwa girma. Sun gano cewa wajen shekara biyar ne ta fi haɗama: kusan kashi biyu cikin uku na kuzarin da jikin yaro ke ƙonawa yana zaune, ƙwaƙwalwa ce ke shanyewa, kuma sukarin jinin da take buƙata ya kusa ninka na ƙwaƙwalwar babba. Ga buƙata mai yawa, ga tumbi ƙarami da ba ya ɗaukar abin da zai kai shi nesa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jariri daga wata 9 zuwa shekara 2 ya ci abinci sau 3 zuwa 4 a yini, ban da 'yar lasa sau ɗaya ko biyu a tsakani. Ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke taka wa fushi birki kuwa ba ya gama nuna sai mutum ya haura shekara 20. Don haka birgima a tsakanin shekara ɗaya da rabi zuwa huɗu abu ne da kusan kowane yaro ke yi, ƙoshi ko yunwa. Abin da yunwa ke yi shi ne ta gajarta masa haƙurin da dama can kaɗan ne, abin da zai wuce da ɗan ƙunƙuni sai ya zama tashin gida.

Wannan yunwar yini ce, ana iya maganinta da kwanon ɗanwake. Akwai wadda ta fi ta muni, wadda ke zaune a jikin yaron da cikinsa ke cike da tuwo. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 68 cikin 100 na yara daga wata 6 zuwa ƙasa da shekara 5 na da ƙarancin jini. Yara biyu cikin kowane uku ke nan. Binciken ya kuma nuna kashi 37 cikin 100 na yaran ƙasar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57. Ba ɗaya ne sanadin ƙarancin jini ba, akwai zazzaɓin cizon sauro, akwai tsutsar ciki, akwai sikila. Amma rashin sinadarin ayon a abinci na sahun gaba, kuma ayon ba jini kaɗai yake ginawa ba, ƙwaƙwalwa ma da shi take aiki.

Yaya yaron da ayon ya yi wa ƙaranci yake? Saurin fushi. Saurin gajiya. Ƙiwa, da maƙale wa uwa kamar zai koma ciki. Rashin son abinci. Rashin tsayar da hankali wuri ɗaya. Ku sake duba jerin nan, ba su ne laifuffukan da muke dukan yara a kansu ba? Dakta Betsy Lozoff ta Jami'ar Michigan ta bi wasu jarirai a ƙasar Kosta Rika tun daga shekarun 1980. Waɗanda suka yi fama da rashin ayon mai tsanani suna jarirai, fiye da shekara 10 bayan an ba su magani jininsu ya dawo daidai, an tarar sun fi takwarorinsu maimaita aji, kuma iyaye da malamai sun fi kokawa da su a kan damuwa, rashin natsuwa da rashin iya zama da mutane. Ma'ana, abin da aka rasa a shekarun goyo ba lallai a iya biyansa daga baya ba. Tun a 1933 ma, likitar nan Cicely Williams da ta yi aiki a Accra ta ƙasar Gana ta bayyana cutar kwashoko a jikin yaran da aka yaye aka bar su da kokon masara zalla, kuma har gobe kukan banza da ɓacin rai na cikin alamun da likitoci ke dubawa a yaro mai tamowa.

Ga wanda ya fi ba ni takaici. Za ka ga yarinya 'yar shekara biyu ta raɓe a jikin katanga tana ƙwaƙular ƙasa tana ci, ko tana tauna gawayi. Uwa ta fizgo ta, ta zura yatsa ta ƙwaƙulo ƙasar, ta ɗaka mata duka a baya tana cewa, "Ƙazama, sau nawa zan hana ki?" Gobe ta koma, a sake dukanta. Kwaɗayin ƙasa da gawayi da ƙanƙara sananniyar alama ce ta rashin ayon, kowane ma'aikacin lafiya ya san haka. Ƙasar kuma na iya ɗauke da ƙwan tsutsa, tsutsar ta ƙara rage mata jini. Yarinyar da ya kamata a ja fatar idonta a duba ko ta yi fari, a kai ta a auna jininta, ita ce ake ladabtarwa.

Malam maigida, yanzu da kai nake. Kai ne ka fi kowa ƙorafin hayaniyar yara, kuma kai ne ka fi kowa hannu a cikinta. Ka fita da safe ka ajiye kuɗin cefanen da kai kanka ka san ba zai kai ga nama ba. Ka tsaya a teburin mai shayi aka haɗa maka mai kauri, aka soya maka ƙwai uku da taliya. Da dare a majalisa aka kawo tsire da balangu, aka ci aka goge baki. Ka shigo gida kana sakace, yaro ya tare ka da kuka, ka daka masa tsawa ka juya ga uwarsa: "Ke wai ba za ki iya da 'ya'yanki ba ne? Mutum ba zai huta a gidansa ba?" Ita kuma ta ce, "Ka yi haƙuri Malam, tun ɗazu yake fitina," ba ta isa ta ce maka tun safe garau-garau ne a cikinsa ba. Ranar da aka yi sa'a nama ya shiga miya kuma, duk tsokar a kwanonka za a jera ta, yara su sami romo da ƙashi, wai ladabi ke nan. Kai ka gama girma. Hantar nan da ka cinye, a jikinka daɗin baki ce kawai, a jikin ɗan shekara biyu kuwa jini ce da ƙwaƙwalwa. Ciyarwa wajibi ce a kanka kafin horo, kuma ba a ce ka cika musu ciki da kowane irin abu ka ce ka sauke nauyi ba.

A ƙauye abin ya ɗauki wani salo. Gida na da kaji da zabi, amma ƙwan na kasuwa ne. Nono na kasuwa ne. Wake da gyaɗa an auna an sayar tun da kaka. Wasu kuma har yanzu suna riƙe da camfin nan na cewa yaron da ya saba da ƙwai zai tashi ɓarawo. Ƙwai bai taɓa sa kowa sata ba. Wanda ya ƙirƙiro maganar nan dai ya san inda yake son ƙwan ya tafi.

Na san za a ce talauci. Gaskiya ne, kuma ba zan yi wa wanda ba shi da shi gori ba. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci a Najeriya ta haura kashi 40 cikin 100, gidaje da yawa sun koma ci sau ɗaya. Uwar da ta kwana da yunwa don 'ya'yanta su lasa, ba da ita nake ba. Ina magana ne da gidan da ake iya sayen lemon roba da biskit kullum amma a ce babu kuɗin ƙwai. Kuɗin tara ɗin da ke ƙarewa a kan alawa zai sayi ƙosai ko awara. Abincin da ke riƙe yaro ba daga kanti yake fitowa ba: koko ne da aka dama da gyaɗa ko garin waken suya, ba tsurar gasara ba, wadda an tace ta har kusan babu abin da ya rage sai sitaci. Wake, alala, ƙuli-ƙuli, kwaɗon zogale da rama, fura da nono, busasshen kifi da aka daka a miyar kuka, 'yar hanta ko sau ɗaya a mako. Irin waɗannan suna daɗewa a ciki, suna sakin ƙarfinsu sannu a hankali. Jiƙa hatsi da tsima shi da iyayenmu mata ke yi kuwa na rage sinadarin da ke ɗaure ayon ɗin cikinsa. Gwaiba ko lemon zaƙi ko ɗanyen tumatir a kan abinci na taimaka wa hanji ya zuƙe shi. Baƙin shayi akasin haka yake yi, yana tare ayon ɗin wake da ganye. Mu kuma mun mai da shi abin karin kumallon jarirai, har a bulumboti ake zuba shi.

Yanzu ga maganar sukari, inda 'yan bokonmu ke nasu kuskuren. Hajiya ta ga ɗanta na tsalle-tsalle a wurin biki, ta ce ai zaƙi ya sha, sukari ne ya hau masa kai. An gwada wannan magana sau da yawa, ba ta tsaya ba. A 1995 Mark Wolraich da abokan aikinsa suka tattara gwaje-gwaje fiye da 20 da aka yi, inda ba yaro ba mai lura da shi da ya san wa aka ba sukari wa aka ba abin zaƙi maras sukari, suka tarar babu wani bambanci na a zo a gani a halayyar yaran. Wani gwaji na 1994 a Amurka ya fi ban kunya. Aka tara uwaye masu cewa sukari na birkita 'ya'yansu maza 'yan shekara 5 zuwa 7. Aka gaya wa rabinsu an ɗirka wa yaran sukari, alhali babu wanda aka ba. Uwayen da aka faɗa wa haka suka ce lallai yaran sun fi ƙiriniya, kuma aka ga su da kansu sun fi kushe yaran da bin su sau da ƙafa. Ƙiriniyar a idon uwar take. Yaro a wurin biki na tsalle ne don biki ne, ga yara, ga kiɗa, ga barcin rana da bai yi ba.

Kada wani ya ɗauki wannan a matsayin lasisi. Sharrin zaƙi na nan, ta wata ƙofa yake shigowa. Lemon kwalba irin wanda aka saba na ɗauke da sukari kusan giram 10 a kowane mililita 100, robar rabin lita ke nan ta kai wajen cokalin shayi 12. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2015 kuwa ita ce sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke ci a yini, in ya sauka ƙasa da kashi 5 ya fi, wato kamar cokali 6 ga babba. Yaron da ya sha roba ɗaya kafin azahar ya toshe cikinsa, zai ture kwanon shinkafa da wake, a ce ba ya son abinci. Bayan awa ɗaya yunwa ta dawo, kuka ya tashi, a sake miƙa masa biskit. A haka zai yini cikinsa bai taɓa zama wayam ba kuma bai ci komai ba. Sai haƙori ya fara ruɓewa, ga sabon dalilin kukan dare.

Mafi munin sharrinsa kuwa da hannunmu muke koyar da shi. Uwa ta tsaya a shagon unguwa da ɗanta. Ya nuna alawa, ta ce a'a. Ya fara kuka, ta ce a'a. Ya kwanta a ƙasa yana shure-shure, mutane suka fara kallo, mai shago ya ce, "Haba Hajiya, saya masa mana, yaro ne." Kunya ta kama ta, ta zaro kuɗi tana cewa, "Ungo, ka ishe ni, rufe mana baki." Yaron ya tashi ya karkaɗe riga. Darasin da ya ɗauka ba ya buƙatar maimaici: roƙo ba ya aiki, kuka ba ya aiki, birgima ce ke aiki. Gobe ba zai ɓata lokaci a kan roƙo ba. Kakanni da baffanni da gwaggwanni masu zuwa da leda cike da minti, ku ma kuna da kaso a nan. In kuna son jikanku, ku zo masa da ayaba ko dabino ko dafaffen ƙwai.

Kalar da ake zubawa a kayan zaƙi kuma tana da nata zancen. A 2007 masu bincike a Jami'ar Southampton ta Ingila suka gwada yara kusan 300, 'yan shekara 3 da 'yan shekara 8 zuwa 9, da abin sha mai haɗin kalolin roba da sinadarin hana lalacewa. Suka ga ƙarin rashin natsuwa. Tasirin ba babba ba ne, kuma ba a kowane yaro ba, amma ya isa Tarayyar Turai ta wajabta tun 2010 a rubuta gargaɗi a jikin duk abincin da ke ɗauke da ɗaya daga cikin kaloli shida, ciki har da tatrazin mai ruwan ɗorawa. Can an rubuta, uwa ta karanta ta zaɓa. A nan ƙanƙarar leda da zoɓon da aka ƙara wa kala da garin lemo ba su da ko suna a jiki, balle a san me aka zuba da kuma nawa. Yaro ya dawo harshe jawur ko kore shar, mu yi dariya. Lemon ƙara kuzari kuwa da samari ke sha, har ƙannensu na karɓar ragowa, wannan babu ja-in-ja a kansa. Sinadarin kafeyin ne a ciki, mai hana barci da sa bugun zuciya, kuma tun 2011 Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta ce ba shi da gurbi a abincin yara. Kafeyin ɗin na cikin shayi da lemon kola da goron da kaka ke ɓantara wa jika. Yaron da bai yi barci ba daren jiya, yau kowa zai ji a jikinsa.

Sai ɗabi'u biyu da ya kamata a ce mun daɗe da bari. Ta farko ɗura: a danne jariri a cinya, a toshe masa hanci, a kwarara masa koko ta tafin hannu yana shure-shure yana shaƙewa. Kokon na iya bi ta hanyar numfashi ya sauka a huhu, kuma ana rasa jarirai ta haka. Wanda ya tsira kuma ya koyi cewa kwano abin tsoro ne, sai a zo ana mamakin me ya sa yake ihu da ya ga cokali. Ta biyu horo da yunwa: "Yau ba za ka ci abincin gidan nan ba." Yaro ya yi laifi saboda haƙurinsa ya ƙare, an hukunta shi da abin da zai ƙara ƙarar da shi. 'Yan riƙo da 'ya'yan kishiya da 'yan aiki ƙanana su suka fi shan wannan, kuma su ake fi kira masu baƙin hali.

Ban ce kowace rigima daga ciki take tashi ba. Akwai rashin barci, akwai kishin sabon ƙani, akwai ciwon kunne, akwai faɗan iyaye da yaro ke kallo, akwai larurorin ƙwaƙwalwa da babu zogalen da zai warkar. Akwai gubar dalma, wadda ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010, wadda ko kaɗan ce ta shiga jini tana taɓa hankali da hali, kuma hanjin yaron da ba shi da ayon ya fi zuƙarta. Akwai kuma yaron da ya ƙoshi lafiya lau, iyaka kawai yake nema a gindaya masa. Amma abinci ne mafi sauƙin bincike a cikinsu duka, kuma shi muke tsallakewa. Ku lura da lokacin da rigimar ke tashi, in kullum daf da azahar ne ko bayan dawowa makaranta, kun sami amsa. In ta ƙi ƙarewa, ga kasala, ga farin ido da farin tafin hannu, a je asibiti a auna jini, a duba zazzaɓi, a ba da maganin tsutsa. Kada a tsaya a kemis a sayo maganin ƙarin jini da ka, musamman ga mai sikila, don ayon in ya yi yawa shi ma guba ne.

Malaman makaranta, ku ma ba ku fita ba. Yaron da ke gyangyaɗi ƙarfe 9 na safe, ko yake tsokanar na kusa da shi ya kasa zama, kafin ku sa shi kamun kunne ku tambaye shi ko ya karya. Masu makarantun kuɗi kuma da suka buɗe shago a cikin harabar makaranta, suna sayar wa 'yan nazare lemon kwali da cingam da ƙanƙara mai kala, su ne dai a ƙarshen zango ke rubuta wa iyaye a katin sakamako cewa yaronsu ba ya natsuwa a aji. Ku fitar da kayan nan daga shagon, ku kira mai ƙosai da mai awara da mai dafaffen ƙwai su zauna a wurin, ku matso da lokacin tara kusa ga ƙananan azuzuwa, sannan ku zo mu yi maganar katin.